Ɗan tatata a cikin hunturu: sutura, wanka da wutar ɗumi

A Katsina da Daura, daga ƙarshen Nuwamba har zuwa Fabrairu, gaisuwar safe kan ƙaru da tambaya ɗaya: "Ya muka ji da sanyi?" A amsa da "Lokacinsa ne." Babba ya san lokacinsa ne, sai ya ƙara jan bargo. Ɗan shekara biyu bai san wannan zance ba. Da ya buɗe ido zai sulale daga shimfiɗa, ƙafa ba takalmi, wando a jiƙe, ya nufi tsakar gida wurin kaji, majina na bin leɓe. Kafin uwa ta shafa addu'a ya riga ya tsoma hannu a bokitin ruwan da ya kwana a waje.

Abin da ya kamata mai raino ta fara riƙewa shi ne yinin hunturu ba yanayi ɗaya ba ne. A Disamba da Janairu, da sassafe ma'aunin zafi kan sauka zuwa digiri 12 ko 13, a bayan gari ma ya fi haka sauka, amma da azahar ya haura zuwa 28 ko 30. Ɗarin ya fi tsanani daga asuba zuwa fitowar rana, ita kuwa rana a wannan lokaci ba ta leƙowa sai bakwai saura. Iskar tana zuwa ne daga arewa maso gabas, ta ratso hamada, ta kwaso ƙurar da mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tashi, kuma ba ta ɗauke da laima ko kaɗan. Shi ya sa tsofaffi suke bambanta sanyi da ɗari: sanyi na damina ne, mai laima, ɗari kuwa busasshe ne, mai tsaga leɓe da dunduniya. Rigar da ta dace da ƙarfe bakwai na safe, azaba ce da ƙarfe ɗaya na rana.

Don haka riguna sirara uku sun fi mai kauri ɗaya. Ta ciki bes ce ko singileti na auduga, mai kama jiki, a cusa ta cikin wando don kada cibiya da baya su fito in ya sunkuya. Ta biyu riga mai dogon hannu, ita ma auduga. Ta uku suwaita, in da hali mai buɗewa ta gaba. Sai dogon wando, safa da hula mai rufe kunne. Ɗumin yana zama ne a iskar da ta maƙale tsakanin riga da riga, shi ya sa ake jin daɗin jerin ko da kowace ba ta da kauri. Amfaninsa na biyu kuma, ana rage shi ɗaya bayan ɗaya. Da safe duka. Da hantsi, wajen ƙarfe goma, in rana ta fito sosai, a cire hula da suwaita. Da azahar riga ɗaya da wando sun isa. La'asar sakaliya a mayar da suwaita tun yaro bai fara karkarwa ba, don mayar da ɗumi ga jikin da ya riga ya yi sanyi ya fi wahala. Ranar da hazo ya rufe gari har rana ta zama kamar farin faifai a sama, suwaita na iya wuni a jiki. In kina shakka, duba abin da ke jikinki, har da hijabi ko mayafi, ki ƙara masa riga ɗaya.

Yadda ake gane ko sutura ta isa ma akwai inda ake kuskure. Yawanci hannun yaro ake taɓawa, a ji shi kamar ƙanƙara, a ruga a ƙaro jaket. Hannu da ƙafar ƙaramin yaro kusan kullum sun fi sauran jiki sanyi, balle wanda ya gama wasa da ruwa. Ki zura yatsu biyu ta ƙeyarsa zuwa tsakiyar baya. In da ɗumi kuma a bushe, lafiya lau. In da sanyi, ki ƙara. In da gumi, ki rage nan take, ki kuma canza bes ɗin, domin rigar da ta jiƙe da zufa tana zuƙe ɗumin jiki da zarar iska ta bugo. Yaron da aka naɗe kamar gammo shi ne zai yi gumi da rana, ƙuraje su feso masa a wuya da hammata a tsakiyar hunturu, sannan da yamma ɗari ya kama shi a jiƙe.

A gidan da ake zaune da kaka, nan ne ake ɗan ja. Za ta hango jikanta ba hula da hantsi ta ce, "Ke 'yar nan, so kike ki kashe mini miji da sanyi?" Ba a musu da ita. "Inna, taɓa bayansa ki ji, gumi yake yi" ya fi dogon bayani aiki. Kuma sau da yawa ita ce da gaskiya a kan hular asuba da ta magariba, da man kaɗanya, da hana wankan dare.

Kayan sanyin yara akasari a gwanjo ake samun masu kyau, ko a babbar kasuwar Katsina ko wurin masu baza su a bakin titi da zarar iska ta juya. Kafin a biya a duba abu huɗu ko biyar. Wuya: kan ƙaramin yaro babba ne a kan jikinsa, suwaitar da wuyanta ba ya miƙewa kullum sai an yi kuka kafin ta shiga. Ki zura hannayenki biyu ki buɗa ki gani. Igiya: duk rigar da ke da zare a wuya ko a hularta, a zare shi a yar, yana iya maƙalewa a ƙusa ko ƙofa ya shaƙe yaro. Dogon gyalen wuya ma haka, bai dace da mai tatata ba. Maɓalli da duwatsun ado masu lilo a ƙara ɗinke su ko a cire, don baki ko hanci za su nufa. Robar wando da ta safa kada ta bar shaida a fata. Sai yadin kansa. Ki goga shi a wuyanki, in ya sosa ki, shi zai fi sosa. Jaket mai santsi irin na leda yana tare iska da kyau a kan babur, amma ba ya fitar da gumi, kuma in ya kusanci wuta narkewa yake ya manne a fata. A ajiye shi don fita kawai. Duk abin da aka sayo a wanke, a ɗauraye sau biyu don omo ya fita sarai, a shanya a rana kafin ya taɓa jikin yaro. Ga ɗan shekara ɗaya zuwa uku, suwaita biyu, hula biyu, safa ƙafa huɗu da wando biyar ko shida za su fitar da shi hunturu. Wando ne ya fi ƙarewa, kuma kowa ya san dalili.

Sa kayan kansa wani yaƙi ne. Wannan shekarun ne na "a'a" da "ni zan sa." Rabin kukan safe daga sanyin rigar ne, wadda ta kwana a kan igiya ko cikin akwati. Ki cusa kayan safe ƙarƙashin bargo tun da dare, ko ki rungume su a jikinki minti biyu kafin ki sa masa. Kada a tuɓe shi gaba ɗaya: a cire ta sama a mayar da wata, sannan a koma wando. Wajen suwaita, ki tattara ta a hannu har ta zama kamar zobe, ki buɗa wuyan, ki fara ɗorawa ta ƙeya sannan ki zaro ta gaba da sauri ba tare da ta goge hanci ba. Abin da yake tsoro duhun nan ne na cikin riga, in kika ce "Ina Abba? Ga shi!" sai ya zama wasa. Hannu kuma kada ki tura shi ta ciki. Ki zura yatsunki ta bakin hannun rigar, ki kamo tafinsa duka a dunƙule, ki jawo. Haka babban yatsa ba zai lanƙwashe ba, rigar ciki ma ba za ta tattare a hammata ba. In ya ƙi hula, ki ɗauko biyu ki ce "Ja ko shuɗiya?" Wanda ya zaɓa da kansa ya fi barin ta a kai. In ya cire safa sau uku a cikin ɗaki mai darduma, ki ƙyale shi. Safa a kan tayil ko siminti mai santsi ma kayar da yaro take yi, gara takalmi sau-ciki ko safa mai roba a tafi.

Wanda ake koya wa zama a fo, kada a sa masa riga haɗe da wando mai zif har wuya, ko wando biyu masu maɓalli. Sanyi na ƙara yawan fitsari, kuma daga "Umma, fitsari" zuwa fitsarin bai fi ƙiftawar ido ba. Wando mai roba da ake ja ƙasa da hannu ɗaya shi ne daidai, fo kuma a shigo da shi ɗaki da safe da dare. Jiƙaƙƙen wando a iskar hunturu ya fi zama ba wando sanyi, a canza shi nan take, haka ma rigar da yawu ko kunu ya jiƙa ƙirjinta.

Wanka sau ɗaya a yini ya isa, kuma lokacinsa tsakanin hantsi da azahar, a cikin ɗaki ko inda iska ba ta bugowa. Da yamma a goge fuska, hannu, ƙafa da mazaunai da tsumma mai ɗumi. Wajen sirka ruwa, na sanyi ake fara zubawa a baho sannan a ƙara na zafi, don in yaro ya rigaye ki tsoma ƙafa ya tarar da mai sanyi. A gauraya, a gwada da gwiwar hannu: ya zama ɗumin jiki, kamar digiri 37. Tafin hannun mai girki ya saba da zafi, ba ya faɗin gaskiya. Minti biyar ya wadatar. Soso kullum da sabulun da ake kira mai magani suna kankare ɗan maiƙon da fata take da shi, sai yaro ya yi furu-furu yana susa. Sabulu mai laushi kaɗan, a wuya, hammata da matsematsi. Tawul, mai da kaya su kasance a kusa tun kafin a tuɓe shi. Kuma ko sallama ake yi a zaure, ba a barin ɗan tatata shi kaɗai da baho ko bokitin ruwa, ko da ruwan bai kai taƙi ɗaya ba.

Sirrin shafa mai lokaci ne. A tsane jiki da tawul ba tare da gogewa ba, a shafa cikin minti biyu ko uku, fata na da sauran laima, don aikin mai shi ne ya rufe ruwan da ke ciki kada iska ta kwashe. Man kaɗanya a hunturu daskarewa yake kamar dutse, a ɗebi kamar ƙwayar dabino a murza a tafin hannu har ya narke. Basilin marar ƙamshi ma yana yi. Man ruwa-ruwa mai turare kuwa kafin azahar ya bi iska. Wuraren da ake mantawa: bayan kunne, bayan hannu, ƙwauri, dunduniya, da ƙasan hanci. Da rana a shafa daidai, don mai da yawa a ƙafar da za ta shiga ƙasa yana tara ƙura ya zama kaushi. Da dare a lafta a dunduniya a sa safa. Yaron da ke lasar leɓe zai yi jan zobe kewaye da baki, yawu ne ke ƙara busar da wurin, sai a riƙa ɗiga basilin bayan kowane cin abinci da lokacin barci. Majina kuma a daina share ta da bakin zani mai kaushi, tsumma mai laushi da aka jiƙa da ruwan ɗumi ya fi.

Ga goyo, bayan uwa murhu ne. Wanda za a goya a cire masa jaket, a bar hula da safa, tunda kai da ƙafa ne a waje. In an yafa hijabi a kansa saboda ƙura, a bar wa fuska hanyar iska, a riƙa leƙawa. A kan babur ko Keke Napep da sassafe iska na ninka ɗarin, can ne jaket mai tare iska yake da amfani, yaro kuma a tsakiya, fuskarsa na kallon ƙirjin babba. Da an sauka an shiga gida ko asibiti a rage kayan.

Da dare jikin yaro ake yi wa sutura, tunda bargo ba ya kwana a kan ɗan shekara biyu, kafin sha biyu ya shure shi. Riga mai dogon hannu, wando, safa, da suwaita marar nauyi in ɗarin ya yi yawa. Ɗakin ƙasa mai rufin azara yana riƙe ɗumin rana har asuba. Ɗakin kwano marar silin kuwa da rana tanda ne, da dare randa. Sanyi ya fi shiga ta ƙasa, saboda haka tabarma ɗaya a kan siminti ba ta isa ba, a sa katifa ko a ninka tsohon bargo a ƙarƙashi, a ɗora ledar fitsari da zani. Tagar da ke kallon arewa ko gabas a sa mata labule mai kauri, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Gidan sauro a ci gaba da ɗaurawa, sauro ya ragu ne kawai, kuma yana ɗan tare iska.

Sai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi, wato wuta. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ko da garwashin ya yi ja ya daina hayaƙi. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, kuma ƙaramin yaro ta fi saurin kayarwa. Ba a kwana da kaskon wuta a ɗaki, ko an buɗe taga kaɗan. Haka janareta a zaure ko a bakin taga. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai, jiri da amai, ko yaro ya yi lakwas ya ƙi farkawa sosai, a fitar da kowa waje a tafi asibiti, kada a tsaya cewa mura ce. Wurin jin ɗumi a tsakar gida kuma, yaro bai san wuta ba sai ya taka. A riƙe shi a cinya, kada ya zauna shi kaɗai gaban murhu da riga mai lilo da ta sha mai. Tokar da ta yi fari a sama tana iya ɓoye garwashi har safiya. Tukunyar ruwan wanka, filas, kofin shayi, kwanon kunu da hitar da ake tsomawa a bokiti, duk a ɗauke su daga ƙasa da bakin tebur.

In ƙuna ta auku, ruwa mai sanyi na famfo ko na randa za a yi ta kwararawa a wurin har minti 20, sauran jikin kuma a lulluɓe don kada ɗari ya kama shi. A cire rigar in ba ta manne ba, in ta manne a bar ta. Kada a sa ƙanƙara, man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, gishiri ko toka, kada a fasa bororon da ya taso. A rufe da tsumma mai tsabta. Ƙunar da ta kai faɗin tafin hannun yaron, ko ta fuska, hannu, gaba ko gaɓa, ta asibiti ce.

Mura kuwa sai an yi, cunkoson ɗaki na yaɗa ta. Ruwa shi ne babban magani, kuma yara ba sa neman sa a sanyi, sai an miƙa. Tsakanin ruwa, nono da kunu ɗan shekara ɗaya zuwa uku na bukatar kusan lita ɗaya a yini. Fitsari mai duhun rawaya alama ce bai sha isasshe ba. Kunun gyaɗa ko koko mai ɗumi da safe, lemo da gwanda da rana. Hancin da ya toshe a ɗiga masa ruwan gishirin hanci da ake sayarwa a kemis, ɗigo biyu kowane ɓangare kafin barci. Wanda ya wuce shekara ɗaya ana iya ba shi rabin ƙaramin cokali na zuma don tari, wanda bai kai ba ba a ba shi zuma sam. Man zafi mai yaji da ake shafa wa manya a ƙirji bai dace da ɗan ƙasa da shekara biyu ba, kuma ba a cusa shi a hancin kowane yaro. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa a ɗaga musu ƙafa in yaro na tari. In haɓo ya zo, a zaunar da shi ya ɗan sunkuya gaba, a matse tattausan wurin hanci minti 10 ba sakewa. Ɗaga kai sama jinin yake turawa maƙogwaro.

Abin da ke raba mura da limoniya numfashi ne, kuma ana iya ƙirga shi a gida. Lokacin da yaro yake kwance shiru, ba kuka ba, ki ɗaga rigarsa ki kalli agogon waya minti ɗaya cif, kina ƙirga tashin ciki. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, numfashi 40 ko fiye a minti ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50. In ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko barci ya yi masa nauyi ba ya tasuwa, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Mai zazzaɓi kuma ba a lulluɓe shi da barguna don ya yi gumi, zafin ƙaruwa yake. Riga ɗaya marar nauyi, ruwa, sannan a je a gwada jini, don maleriya ba ta tafiya hutu a hunturu. Yaro mai sikila nasa ya fi na kowa: ɗari da ƙarancin ruwa suna tayar masa da ciwo, kuma a wannan shekarun yakan fara ne da kumburin bayan hannu ko ƙafa da kuka in an taɓa. Shi ba a yi masa wanka da ruwan sanyi ko sau ɗaya, kuma zafin jikinsa in ya kai digiri 38 ba a kwana da shi a gida.

Wajen ƙarshen Fabrairu dare zai fara sassautawa, a wayi gari yaro na tuɓe suwaita da kansa tun kafin hantsi. A wanke kayan, a shanya su bushe ƙayau, a ninke a jaka mai zif. Kada a zuba musu ƙwayar kafur ɗin nan fara ta cikin akwati: ga ɗan tatata alawa ce, guba ce in ya haɗiya, kuma akwai yaran da ko warinta a jikin tufa kan fasa musu jini har ido ya yi rawaya. Suwaitar ma da wuya ta shige shi baɗi, ta ƙaninsa ce ko ta ɗan maƙwabta.